Akta ya mutu ko bai mutu ba? Ƙarshen fim da ake ɓoyewa a faifai

Musun da har yau nake tunawa an yi shi ne a wata majalisa a Tudun Wadar Zariya, ƙofar shagon wani tela, bayan an idar da sallar isha'i, cikin hunturun ƙarshen shekarar 2008. Kowa ya duƙunƙune a kan benci da kofin shayi a hannu, hira ta gangaro kan fim ɗin nan na Will Smith, I Am Legend, na likitan sojan da ya rage daga shi sai karensa a birnin New York bayan wata annoba ta mayar da mutane dodanni masu gudun hasken rana. Yayana ya ce shi abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda mutumin ya zare kan gurneti ya afka cikin dodannin, ya ba da ransa don wata mata da yaron da ke tare da ita su tsira da maganin cutar. Sai wani ɗalibi daga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke zama da mu ya ajiye kofinsa.

"Yaya, wane gurneti kuma? Ai bai mutu ba. Matarsu da ya kama ya mayar musu, suka ɗauke ta suka tafi, shi ma daga baya ya shiga mota ya bar garin."

"Kai yaro, ka ga fim ɗin kuwa, ko dai labarinsa aka ba ka?"

"Wallahi Yaya, sau biyu na kalle shi."

Aka yi ta ja har tela ya rufe shago, aka watse kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya ruɗe. Ashe dukansu gaskiya suka faɗa. Faifan yayana daga kasuwar Sabon Gari ya fito, kwafi ne na wanda aka haska a silima a Disambar 2007. Na ɗalibin kuwa daga kwamfutar wani abokinsa a Samaru ya samo, an kwafo shi daga faifan DVD na musamman da kamfanin ya saki a Maris ɗin 2008, wanda ke ɗauke da ƙarshen da aka fara ɗauka kafin a canja shawara.

Wannan tsohuwar al'ada ce a wajen masu sana'ar fim. A ɗauki ƙarshe iri biyu ko uku, a haska ɗaya a silima, a jingine sauran, sai ranar da fim ya sauko kasuwar kallon gida a fito da su a ce ga gyara, kamar yadda mai tumatur ke ƙara maka biyu bayan ya cika kwano. Ni dai ban yarda gyara ba ce. Duk ƙarshen da aka jingine shaida ce cewa an yi rigima a bayan fage, wani ya yi nasara, wani ya sha kaye, kuma galibi faifan nan shi ne wuri ɗaya tilo da aka bar wanda ya sha kayen ya faɗi tasa.

Abin ya fi yawa a finafinan fargaba, masu sa zuciya dukan uku-uku, kuma akwai dalili. Fim na barkwanci in an taɓa minti biyar ɗinsa na ƙarshe ba a yi wata babbar asara ba, an riga an sha dariyar. Na soyayya an riga an ji waƙoƙin. Shi kuwa na fargaba bashi yake ci. Tun daga fitowar farko yake karɓar natsuwar mai kallo da alkawarin zai biya a ƙarshe: za ka san wanda ya yi kisan, za ka ga ko yarinyar ta kuɓuta, za ka ga makomar azzalumi. In ya zo biyan ya kawo abin da mai kallo bai karɓa ba, duk awa biyun nan sun tashi a banza, mutum ya fito yana tsaki, ya hana abokai biyar zuwa. Kamfanin da ya zuba miliyoyin daloli ya fi kowa sanin haka.

Shi ya sa a Amurka ake kallon gwaji. Kafin a saki babban fim sai a tara 'yan ɗaruruwan mutane a wata silima, a nuna musu shi tun ba a gama haɗa shi ba, a raba musu takarda su cike: me ya burge ka, wa ka tsana a ciki, za ka ce wa abokinka ya zo ya gani? Abin da waɗannan mutane suka rubuta a dare ɗaya yana iya tashin 'yan wasa su koma lokeshan bayan an yi watanni da sallamarsu. Rambo, wanda duk yaron da ya taso a gidajen kallo na Zariya ya san shi, da farko mutuwa ya yi. A littafin 1972 da aka ɗauko labarin, kashe shi aka yi. A fim ɗin First Blood na 1982 ma an ɗauki fitowar da yake roƙon tsohon kwamandansa ya harbe shi, da ya ga ya kasa, ya jawo bindigar da ke hannunsa ta tashi a jikinsa. 'Yan kallon gwaji suka ƙi amincewa, aka bar shi da rai, aka samu finafinai huɗu bayan wannan, na ƙarshe a 2019. Labarin da aka faro a kan sojan da yaƙin Biyetnam ya lalata wa rayuwa, ƙasarsa ta rasa inda za ta ajiye shi, ya rikiɗe ya koma labarin gwarzon da harsashi ba ya kama shi. Da mu yara ke cewa akta ba ya mutuwa, ba mu san cewa wasu mutane ne a wata silima mai nisa suka yanke mana wannan hukuncin ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Fatal Attraction na 1987, wanda Adrian Lyne ya ba da umarni. Lauya ne mai mata da 'ya, Michael Douglas ya fito a matsayinsa. Iyalinsa suka yi tafiyar kwana biyu, ya kwana da wata mata mai suna Alex, wadda Glenn Close ta fito a matsayinta. Shi a wajensa an gama, ita kuwa a wajenta yanzu aka fara, har ta ce masa tana da ciki. A ƙarshen da aka fara ɗauka, Alex ta kashe kanta ne da wuƙar da zanen yatsunsa ke jiki, 'yan sanda suka zo har gida suka tafi da shi a gaban matarsa bisa zargin kisa. Daga baya matar ta tsinci wani kaset da Alex ta naɗi muryarta tana barazanar halaka kanta, wanda zai iya wanke shi a kotu. Ko da kotu ta sake shi, mai kallo ya ga alhaki ya biyo mai shi har ƙofar gida, ya kuma ga mace marar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ciwonta ya cinye ta.

'Yan kallon gwaji ba su so haka ba. So suke su ga an hukunta ta da idonsu. Aka koma aka ɗauki wanda duniya ta sani: Alex ta shigo banɗakin gidan da wuƙa, mijin ya danna ta cikin ruwan baho har aka zaci ta mutu, ta yunƙuro, matar gida ta harbe ta, kyamara ta tsaya a kan hoton iyali. Glenn Close ta yi turjiya sosai kafin ta yarda, domin ta zauna da likitocin ƙwaƙwalwa kafin ta fara aikin, ta fahimci matar a matsayin mai cutar da kanta, kuma ta sha faɗin haka a fili shekaru da dama bayan nan. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fim ya fita da sabon ƙarshe, ya tara kimanin dala miliyan 320 a duniya, aka sa shi takarar Oscar a rukuni shida.

To a duba abin da mintocin nan kaɗan suka yi wa labarin. Mutumin da ya ci amanar aurensa ya tashi daga mai laifi ya koma mai kare iyali. Matar da yake da hannu a halin da ta shiga ta tashi daga mutum ta koma dodo, irin wanda ake kashewa sau biyu. Cikin da ta ce tana da shi babu wanda ya sake tuna shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Mun san yadda ake ba da irin wannan labari a zaure: namiji ya yi kuskure, ita kuwa annoba ce. Masu kallo a Japan sun ga ƙarshen farko a silima, sauran duniya kuwa sai da ya fito a kaset da babban faifan LaserDisc a farkon shekarun 1990, daga baya kuma a DVD. Ba don haka ba, da maganar Glenn Close ta zama ƙorafin 'yar wasa kawai, babu mai iya duba ya gani ko tana da gaskiya.

Ba kullum masu kallo ke canja ƙarshe ba, wani lokacin hukuma ce. A Amurka daga 1934 har zuwa 1968 akwai ƙa'idar da ta hana a nuna mai laifi ya ci bulus. Har shahararren darakta Alfred Hitchcock sai da ya ɗauki wata 'yar fitowa ta ƙari a Vertigo na 1958, inda ake ji a rediyo cewa 'yan sanda na bin sawun makashin a Turai, don kawai a rufe bakin masu tacewa. Bai sa ta a fim ɗin ba, sai bayan shekaru aka ga ta a faifai. Amma misalin da ya fi kusa da mu na Indiya ne, Sholay, wanda aka saki ranar 15 ga Agustan 1975, ƙasa da wata biyu bayan Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci. Duk wanda ya gan shi ya san Thakur, tsohon ɗan sandan da ɗan fashi Gabbar Singh ya kashe masa iyali ya kuma sare masa hannuwa biyu. Yadda darakta Ramesh Sippy ya ɗauka, Thakur ya tattake Gabbar da takalmi mai ƙusoshi, ya shure shi ya faɗa kan wani ƙarfe mai tsini a jikin turken da aka taɓa ɗaure shi Thakur ɗin, Gabbar ya mutu. Hukumar tacewa ta ce ba za a nuna tsohon jami'in tsaro ya ɗauki doka a hannunsa ba. Aka sake ɗauka: 'yan sanda suka iso a daidai lokacin, suka yi masa nasiha, suka tafi da Gabbar. Wannan ne muka gani a nan shekara da shekaru. Cikakken mai minti 204 a kaset da DVD ya fara zagayawa.

Me ya sa sai a faifai? Kaset ɗin bidiyo layi ɗaya ne, daga farko zuwa ƙarshe, in za a ƙara wani abu sai dai a manna shi bayan sunaye. VCD da muka fi sani a nan ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, shi ya sa fim ɗaya ke zuwa a faifai biyu, ana tsakiyar faɗa a tashi a canja. DVD, wanda ya fito a Japan a 1996 da Amurka a 1997, yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5. Ga fili, ga kuma jerin zaɓi da ake bi da rimot. Har akwai dabarar da faifai ke ɗauke da gangar jikin fim sau ɗaya da ƙarshe biyu, in ka zaɓi wanda kake so, na'ura ta tsallaka can ba tare da ka ga wurin ɗinki ba.

Sai kuma kuɗi. A 2005 cinikin DVD a Amurka ya kai wajen dala biliyan 16, alhali kuɗin ƙofar silima a shekarar bai kai biliyan 10 ba. Wanda ya riga ya ga fim a silima, me zai sa ya sayi faifansa? Sai a manna masa takarda a jikin kwali cewa a ciki akwai ƙarshen da ba a nuna ba. Abin da aka zubar jiya a ɗakin haɗa hoto ya zama haja. Gaskiya kuma da yawa daga cikinsu ba su kai a tashi a ɗauko rimot ba: wani daƙiƙa talatin ne na ƙari, wani ba a gyara sautinsa ba, wani ma zane ne a takarda wanda ba a taɓa ɗauka ba. Amma ko da kwaɗayi ne ya buɗe ƙofar, ta nan ƙarshen Alex da na Thakur da na Rambo suka fito.

Mu a Zariya wannan zamani bai iso mana da kayansa cikakke ba. Faifan asali mai kwali da jerin zaɓi sai wanda ya yi tafiya waje ko ya samu tsaraba. Abin da ke kan teburan Sabon Gari da PZ da bakin kasuwar Samaru shi ne faifai ɗaya da aka cusa wa fim goma ko ashirin, an matse hoton har fuskar mutum na rarrabewa in ya yi gudu. Mai cusa fim ashirin a fili ɗaya ba shi da wurin bayanin darakta ko fitowar da aka yanke. Kwafi ɗaya zai ɗauka, wanda ya fara zuwa hannunsa, ya sa masa suna ya wuce. In na silima ne shi ke nan, in na faifan musamman ne shi ke nan, kuma ba zai rubuta maka a jiki ba. Wani lokacin ma ƙasar da kwafin ya fito ita ke yanke hukunci. The Descent, na matan da suka maƙale a kogo, a Ingila a 2005 ya ƙare ne da jarumar ta farka ta ga ashe fitar da ta yi mafarki ne, tana nan cikin duhu. Da aka kai shi Amurka a 2006 sai aka datse wannan minti na ƙarshe, ya ƙare tana waje. Mutum biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ya kwana da cewa ta tsira, ɗaya ya kwana da cewa ta halaka. Da aka koma zamanin turi a waya da memori, da kuma fassarar Hausa da ake ɗora wa finafinan waje, sarƙar ta ƙara tsawo. Mai fassara zai yi aiki a kan kwafin da ke gabansa, dubban mutane su karɓa a matsayin shi ne fim ɗin.

Tambayar da ta rage daga musun Tudun Wada ita ce: wanne ne na gaskiya? Akwai masu cewa kullum wanda aka ɓoye shi ne, tun da darakta ya fi 'yan kasuwa sanin labarinsa. Ban tafi a kan haka ba. Ma'aunina shi ne a koma cikin fim ɗin a duba wane ƙarshe aka shuka irinsa tun da wuri. A I Am Legend amsar a bayyane take. Lokacin da likitan ya kama wata mace cikin dodannin da tarko don ya gwada magani a kanta, wani namiji ya leƙo har cikin hasken ranar da ke ƙona shi yana ruri. Likitan ya koma gida ya naɗi bayani cewa sun rasa duk wata ɗabi'a ta mutane. Ba a jima ba suka ɗana masa tarko irin nasa sak, ya faɗa. Mai kallo mai lura ya gane cewa likitan ne bai fahimta ba: suna da tunani, suna da shugaba, kuma wannan namijin matarsa yake nema. A ƙarshen da aka jingine, duk wannan ya biya. Namijin ya shafa siffar malam-buɗe-littafi a jikin gilashi, likitan ya duba ya ga irin zanen a jikin matar, ya buɗe ƙofa ya mayar da ita. Sannan ya ɗaga kai ya kalli bangon da ya jera hotunan duk waɗanda suka mutu a gwaje-gwajensa. A wajensu shi ne dodon da ke zuwa da rana ya sace mutum yana barci, kuma ma'anar da littafin asali na 1954 ya ba sunan labarin ke nan. A na gurneti kuwa, duk waɗancan alamu sun zama zare mai reto, kamar rigar da aka sake wa wuya aka bar ramukan allurar farko. Ko masu fim ɗin sun dawo kan hanya daga baya, domin da aka fara maganar kashi na biyu, marubucin ya ce daga ƙarshen faifai za a ɗora.

Sai dai ga Get Out na Jordan Peele, 2017, wanda ya karya wannan zato. Saurayi baƙar fata ya je gaida iyayen budurwarsa farar fata, ashe tarko ne, ya ƙwaci kansa da ƙyar cikin jini. A ƙarshen da aka fara ɗauka 'yan sanda ne suka iso suka same shi a kan yarinyar, aka ɗaure shi, abokinsa ya ziyarce shi a kurkuku. Yana nan a faifan da aka saki a shekarar. Peele ya canja shi bayan kallon gwaji, ya kuma bayyana cewa lokacin da ya rubuta labarin ana zamanin Obama, mutane na riya cewa wariyar launi ta wuce, amma kafin fim ya fita, kashe-kashen baƙaƙe a hannun 'yan sanda sun riga sun cika kafafen labarai, babu mai buƙatar a tuna masa. A na silima fitilar mota ta haska, yaron ya ɗaga hannuwa sama, yarinyar ta fara kiran a taimake ta, sai ƙofa ta buɗe, ashe abokinsa ne. Na kalli duka biyun, kuma na silimar ya fi. A cikin 'yan daƙiƙun nan kafin ƙofar ta buɗe, mai kallo ya riga ya ga kamun, ya ga kotun, ya ga kurkukun a cikin kansa. An ba shi baƙin ƙarshen ba tare da an ɗauka ba, sannan aka ba shi numfashi. A nan 'yan kallon gwaji ba su rage wa labarin komai ba.

Wani abokina malamin adabi a wata sakandare a Gyallesu yana ganin duk al'adar ɓarna ce. Hujjarsa ita ce in jarumi na iya mutuwa kuma yana iya rayuwa, dangane da maɓallin da ka danna, to mutuwarsa ba ta da nauyi, rayuwarsa ma haka. Maganar tana da ƙarfi, kuma na yarda fim ɗin da aka gina da kyau ƙofar fita ɗaya ce ta fi dacewa da shi. Amma mu da muka taso da tatsuniya mun san Gizo na iya shan duka a bakin wannan kaka, ya tsere a bakin waccan, ba mu taɓa cewa labarin ya lalace ba. Dalili shi ne mai ba da labarin tana zaune a gabanka, ka san halinta, ka san yau tana so ta ja maka kunne ne ko ta lallashe ka ka yi barci. A fim ba ka ganin hannun da ya juya akalar. Sai ka ɗauka haka labarin ya sauko daga sama, alhali akwai mai kuɗi, akwai hukuma, akwai takardun da baƙi suka cike. Ƙarshe na biyu ne ke nuna maka hannun, ya koya maka tambayar wa ya so a ƙare haka, kuma don me.

Abin da ke damuna shi ne wannan ƙofa tana rufewa. Kasuwar faifai ta durƙushe, Netflix da kansa ya daina aika DVD ta gidan waya a Satumbar 2023. A manhajojin kallo ta intanet fim ɗaya ake ajiye maka, galibi babu kayan ƙari, kuma fayil ɗin yana hannunsu. Faifan da ke cikin akwatinka babu mai shigowa da dare ya sauya shi. Na manhaja kuwa ana iya sauyawa kana barci. A Janairun 2022 masu kallo a Chaina suka tarar an cire ƙarshen Fight Club a manhajar Tencent, an maye gurbinsa da rubutu a baƙin allo cewa hukuma ta gano makircin ta kama kowa. Sai da aka yi ta surutu a duniya aka mayar da mafi yawansa. A Agustan 2025 kuma aka sake haska fassarar Tamil ta fim ɗin Indiya Raanjhanaa na 2013 da sabon ƙarshe da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, jarumin da ya mutu ya buɗe ido. Daraktan, Aanand L. Rai, da jarumin, Dhanush, duka sun fito sun yi tir da abin. A da, ƙarshe na biyu sai an tara 'yan wasa an ɗauka, akwai wanda zai iya cewa a'a kamar yadda Glenn Close ta gwada. Yanzu ana iya yi ba tare da an tambayi kowa ba.

Namu na gida fa? Tun 1990 ake finafinan bidiyo na Hausa, hukumar tace finafinai ta ƙasa tana nan tun 1993, ta Kano tun 2001, ga dillalan Ƙofar Wambai da a zamaninsu suke da ta cewa a kan abin da zai sayu. Duk inda ake da masu tacewa da masu saye, akwai abin da aka yanke da wanda aka sake ɗauka. Amma faifan Hausa da muka saya a wancan lokaci tsarinsa ɗaya ne: tallan finafinai masu zuwa, fim, sai a ce mu haɗu a kashi na biyu. Yau da finafinai masu dogon zango suka koma YouTube, masu kallo na rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashin kowane kashi, kallon gwaji ke nan na kowane mako, a fili, kyauta. Ina roƙon masu wannan sana'a su riƙa ajiye abin da suka yanke da ranar da aka yanke shi da dalili. Kaset na cin danshi, rumbun kwamfuta na mutuwa ba sallama, kuma ɗalibin da zai zo Jami'ar Ahmadu Bello nan da shekara talatin yana son sanin me aka hana mu gani zai buƙaci abin da zai kalla.

Sholay ya tsira ne don wani ya ajiye gwangwanayen fim a ɗakunan ajiya a Mumbai da Ingila. Daga nan aka gyara shi, aka haska shi da ƙarshensa na asali a birnin Bologna na Italiya ranar 27 ga Yunin 2025, shekara hamsin bayan an yanke. Sanjeev Kumar da ya fito a Thakur ya mutu tun 1985, Amjad Khan da ya fito a Gabbar ya rasu a 1992. Kawuna, wanda ya ga fim ɗin a silima a Sabon Gari ya fi a ƙirga tun yana saurayi, har yau yana iya jero maganganun Gabbar da ka. Na kai masa tsohon ƙarshen a waya wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya sa tabarau, ya riƙe wayar da hannu biyu. Ya ga Gabbar ya faɗi, ya jira 'yan sanda, ba su zo ba. Sai ga Thakur, mutumin da ya yi awa uku bai zubar da hawaye ba, ya durƙushe yana kuka, Veeru, ɗaya daga samari biyun da ya ɗauko su kamo masa Gabbar, ya zo ya rungume shi. Kawu ya yi shiru har hoton ya tsaya.

"Ɗana," ya ce, "mayar mini da shi baya kaɗan, daga inda ya fara kukan."